Ruwan da Duwadi Bai Zubar Ba

Duwadi ɗan Layashi bai iya magana a hankali ba. Ko gaishe ka zai yi a ƙofar masallaci sai na sahun gaba ya waiwayo. Baƙo yakan ɗauka faɗa yake nema. Mu mutanen Ayn Tarfa mun san dalili: tun yana saurayi yake zaune a bayan injin da ya cinye masa rabin ji. Shi ne aminin ɗana Nuwari, Allah ya jiƙansa. Saboda Nuwari na ɗauki alƙalami, amma labarin na Duwadi ne.

Taraktoci biyu Bafaranshen da ya mallaki gonar kwarinmu ya bari sa'ad da ya tafi. Kamfani ɗaya ya ƙera su, fentinsu ɗaya, ruwan lemo. Gonar ta koma hannun gwamnati, iyayenmu suka ci gaba da aiki a cikinta. Da aka tashi raba wa ma'aikata filaye da kayan aiki, sai aka ja tsinke. Ɗaya ta faɗa wa Layashi, ɗaya ta faɗa wa mahaifina. Ni ina birnin Satif ina koyar da kimiyya a sakandare, hannuna bai san komai ba sai alli. Tamu ta zauna a rumfa kaji suna ƙwai a kan kujerarta, har Nuwari ya girma ya ce shi ya gama da makaranta, ƙasa yake so. Duwadi, wanda ya girme shi da 'yan shekaru kuma ya riga ya gaji ta mahaifinsa, shi ya taya shi korar kajin.

Wanda ya gan su a jere zai rantse tagwaye ne. Tsayi ɗaya, tayoyi ɗaya, giya ɗaya. Ko bonet ɗin wannan ka ɗora wa waccan zama zai yi daram. Bambancin yana ƙarƙashin bonet. Ta Duwadi mai lamba talatin da biyar ce, injinta na Jamus, silinda uku, iska ke sanyaya shi. Ba shi da lagireto, babu ɗigon ruwa a jikinsa, sai wata babbar fanka mai hura iska ta tsakanin haƙarƙarin ƙarfe da ke kewaye da kowace silinda. Ta Nuwari mai lamba talatin ce, injinta na Ingila, shi ma silinda uku, amma ruwa ke zagaya shi. Ruwan nan yana danne ƙara, shi ya sa muryarta ƙasa-ƙasa take, kamar ana daka a gida na uku. Ta Duwadi kuwa ƙarfe ne tsirara, ga kaɗawa ga kukan fanka. Gari ya sa musu suna Bajamushiya da 'Yar Ingila.

Kowacce da halinta. Da zafi, lokacin girbin alkama, ƙaiƙayi yakan toshe haƙarƙarin Bajamushiya, dole Duwadi ya tsaya ya bi su ɗaya-ɗaya da gashin talotalo, in ba haka ba ta ɗau zafi. Da hunturu kuwa ita ce sarauniya: ya kashe ta a waje, ƙanƙara ta rufe ta, da safe ya share kujera ya hau. 'Yar Ingila ba ta jin ƙaiƙayi sosai, amma sanyi abokin gabarta ne. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, ƙarfen zubi kuma ba ya miƙewa, tsagewa yake yi. Akwai ruwan kanti mai hana daskarewa, sai dai tsohon lagiretonta yana yoyo, abin da aka zuba yau gobe yana ƙasa. Don haka Nuwari ya bi hanyar kakansa. Daga farkon sanyi zuwa ƙarshensa, kullum da yamma zai durƙusa ya buɗe 'yan famfo biyu, ɗaya a gindin lagireto ɗaya a gefen inji, ya jira ruwan ya tsiyaye tas. Da safe ya ɗauko bokitin ruwan ɗumi daga kicin ɗin mahaifiyarsa Hadda ya mayar.

A kan wannan bokiti suka yi rabin abotarsu. Duwadi zai tsaya a bakin hanya, injinsa na ihu, shi ma yana ihu.

"Mai jego! An gama yi wa jaririyar wanka?"

"Kurma, rage murya, akwai matattu a maƙabarta suna hutawa."

"Me ka ce?"

"Na ce Allah ya ƙara lafiya."

"Ƙarya kake, na ga bakinka! Dubi nan, yaro, doki talatin da biyar ne a ƙarƙashina. Kai talatin gare ka, biyar daga ciki ma kullum suna bakin rijiya suna shan ruwa."

"Naka talatin da biyar ne, na yarda. Amma jakuna ne, kuka kaɗai suka iya."

In zafi ya zo sai reshe ya juya da mujiya. Nuwari zai wuce shi a gona yana tsugune da gashin talotalo, ya rage gudu ya ce, "Sannu mai tsefe kan amarya. In kin gama ki zo ki yi wa tawa, tana da biki." Duwadi ya jefe shi da hoge. Da yamma ka same su a shagon gahawa kafaɗa da kafaɗa, suna ci gaba daga inda suka tsaya. Ban taɓa jin ɗaya ya ce ɗaya ya yi gaskiya ba. Ban kuma taɓa ganin ɗaya ya shiga gona bai tambaya ko ɗayan ya gama tasa ba.

Hadda ba ta san silinda ba, ba ta san lamba ba, amma ba ta taɓa kuskuren muryoyin nan biyu ba. Tana kicin za ta ɗaga kai ta ce, "Ga kurman nan, a ƙara gurasa." Ko kuma ta ce, "Ga ɗana nan," ta ɗora tukunyar gahawa. Tun yana gangarowa daga tudu take ɗorawa, kafin ya kashe inji ya wanke hannu ta tafasa.

Ciwon ƙoda ne ya kama Nuwari. Ya yi shekara biyu ana kai shi wankin ƙoda Satif, kuma mafi yawan tafiyoyin Duwadi ne ya kai shi a motar surukinsa. A girbin ƙarshe Duwadi ya haɗa gonarsa da tamu. Ina ɗakin asibiti ranar da suka yi maganar taraktar. Nuwari ya rame har zobensa ya daina zama a yatsa, amma bakinsa bai mutu ba.

"Kurma, matso. In ruwa ya sauka ban tashi ba, kai za ka buɗe huɗar farko a gonata."

"Kai za ka buɗe abinka, ragon banza! Ka kwanta kana cin abincin gwamnati."

"Saurara. Da tawa za ka buɗe, ba da jakarka ba. Ina so Inna ta ji ta."

"To, na ji."

"Kuma ka zubar mata da ruwa."

"Allah ya kiyaye, ni zan zama mai jego!"

Suka yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. A wajen ɗakin na tarar da Duwadi ya jingina goshinsa da bango.

Nuwari ya rasu a watan Agusta, ya bar mata da 'ya'ya mata biyu, suna tare da mu. Hadda ba ta yi kuka ba, ko a ranar ko bayanta. Tana dafa abinci, tana karɓar masu gaisuwa, tana yi wa jikokinta wanka, amma fuskarta a rufe take kamar ƙofar da aka sa wa sakata. Da aka share makoki, Duwadi ya zo sallama, ta riƙe hannun rigarsa.

"Yaushe za ka tashi taraktarsa?"

"Ranar tuwiza, Inna. Haka ya ce."

"To. Ina jira."

Tuwiza ita ce gayyarmu. In ruwan farko ya jiƙa ƙasa a ƙarshen shekara, gonar wanda ya rasu ake fara yi, kowa da taraktarsa, kuma kayan aikin mamacin ne ke shiga gaba. Babbar mace ta gidan ta fasa ɗan itacen rumman a bakin garma don shekara ta yi 'ya'ya, sannan a buɗe huɗa.

Duwadi bai tashi taraktar a gidanmu ba. Ya ɗaura mata sarƙa ya ja ta zuwa gidansa a bayan tudu, don kada Hadda ta ji ta kafin ranar. Ya canza mata baƙin mai, ya wanke tankin gas, ya ɗora mata batirinsa sabo. Ruwa ya sauka a farkon Nuwamba, aka sa ranar Asabar.

Da safiyar Asabar ɗin muka tashi muka ga raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawa. Sararin sama ya washe bayan ruwa, sanyin da ba a zata ba ya riga lokacinsa. Maza suka taru a bakin gona cikin rigunan ulu, taraktoci a jere, mata sun ɗora tukwanen kuskus a ƙarƙashin itacen almon. Hadda tana tsaye ita kaɗai, rumman a cikin mayafinta. Duwadi bai iso ba. Rana ta ɗaga, raɓa ta fara narkewa, maza suka ƙare labarinsu suka koma kallon tudu.

Sai muka ji inji daga bayan tudun. Kafin a ga komai duk wanda ke wurin ya kasa kunne. Kaɗawar ƙarfe ce da kukan fanka.

Taraktar ta ɓullo a kan tudu sanye da bonet ɗin Nuwari, mai lotsawa kusa da fitilar hagu. Ga buzun tunkiyarsa a kan kujera, ga shuɗin kofinsa na kwano yana lilo a igiya. Duwadi yana zaune a miƙe, yana kallon gaba, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. A duk Ayn Tarfa shi kaɗai ne zai iya yarda cewa bonet zai ɓoye Bajamushiya. Ya shafe shekaru yana gardama a kan muryoyin nan biyu, amma kunnensa ya daɗe da daina jin nisan da ke tsakaninsu.

Ya tsaya a bakin gona bai kashe inji ba. Hadda ta taka a hankali, ta ɗora hannu a kan bonet ɗin, a daidai lotsawar. Ta daɗe a haka. Sannan ta zagaya baya, ta ce bismillah, ta buga rumman a bakin garma, jajayen 'ya'yan suka watsu a ƙasa.

"Buɗe, ɗana," ta ce. "Allah ya yi maka albarka."

Ya buɗe. Sauran suka bi shi. Kafin azahar an gama gonar. Hadda ba ta tsaya cin abinci ba, ta koma gida ta shiga ɗaki. Duwadi ma bai tsaya ba.

Bayan la'asar na hau tudu. 'Yar Ingila tana tsakar gidansa, ba bonet, garma a ɗaure, hancinta yana kallon ƙofa. A gefen injin akwai tsaga mai tsawon tafin hannu, jan ruwan tsatsa ya gangaro daga ciki ya bushe. Duwadi yana zaune a kan taya. Daga baya matarsa ta gaya mini yadda aka yi: ranar Juma'a ya cika ta da ruwa, ya tashe ta, ta amsa a bugun farko, ya zagaya da ita har ya gamsu, ya ɗaura garma ya ajiye ta a waje a shirye, yadda yake ajiye tasa tun yana saurayi. Ya shiga gida ya ci abinci.

Ko a ranar bai iya magana a hankali ba.

"Na sani, Baffa! Wa ya fi ni sani? Shekara nawa ina yi masa dariya a kan ruwan nan! Kaina ya sani, hannuna ne bai sani ba. Na kashe ta na tafi, kamar tawa."

"Ƙarfe ne, Duwadi."

"Abu biyu ya ce mini. Biyu kacal." Ya goge fuska da bayan hannu, mai ya shafe ta. "Inna fa? Ta gane?"

Na yi tunanin abin da zan ce. Ban saba yi masa ƙarya ba.

"Tun kana bayan tudu."

Ya dube ni kamar na mare shi. "Kowa?"

"Kowa."

Ya sunkuyar da kai. Na zauna kusa da shi har aka kira magariba.

Shekarar da ta biyo baya Duwadi bai taka cikin gidanmu ba. Ya yi mana shuka, ya yi mana girbi, ya jibge buhunan alkama a ƙofa ya tafi. Hadda takan aika masa gurasa da zafinta, ya karɓa a bakin hanya. A shagon gahawa an daina jin muryarsa. In wani ya tsokane shi da maganar inji sai ya ce kowanne da amfaninsa, ya tashi.

Duk ranar da ba aiki yana kan hanya neman gangar inji, wato jikin injin da zai maye gurbin wanda ya tsage. A kasuwar Ulma ya samo wata, ya kawo ta da murna. A ido ita ce sak. Da ya zo haɗawa sai ya ga ramukan silindarta sun ɗan fi faɗi, fistin ɗin Nuwari yana rawa a ciki: ta ƙanin injin ce, wanda aka ƙera daga baya. Ta biyu daga wajen Batna ya ɗauko ta. Silindarta daidai, amma daga injin ban ruwa aka cire ta, ramukan notinta ba su haɗu da na giya ba. Wani makaniki ya ce masa ya daina wahalar da kansa, ya ɗauki sabon injin gaba ɗaya a yi masa farantin ƙarfe na haɗi a ɗora, ya fi ƙarfi, ya fi saurin tashi.

"Muryar ɗaya ce?" in ji Duwadi.

"Kusan ɗaya."

"Ni kurma ne, kusan ta ishe ni. Amma ba ni zan ji ba."

A ƙarshe aka kwatanta masa wani tsoho a Burj mai ɗinke ƙarfen zubi ba da walda ba. Huda ƙananan ramuka yake yi a bin tsagar, ya dasa ƙusoshi masu zare suna cizon juna, ya goge. Tsohon ya ɗinke gangar 'Yar Ingila ta asali, amma ya gaya masa gaskiya: tsagar waje ya gani, ita ya ɗinke. In sanyin ya tsaga wani wuri a ciki, tsakanin ruwa da mai, ba mai sani sai an tashe ta ta ɗau zafi. Kuma in akwai, tashin ba zai daɗe ba.

Don haka Duwadi bai gwada ta ba. Ya haɗa ta ya rufe da tamfal. Ya ce in numfashi ɗaya ya rage mata, ba a tsakar gidansa za ta yi shi ba.

Ruwa ya sake sauka a Nuwamba. Wannan karon babu tuwiza, shekarar mamaci ɗaya ce. Da yamma ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya kai bakinsa kunnena, ya yi abin da shi a wurinsa raɗa ce.

"Gobe da safe. Kada ka gaya wa Inna. Ta zauna a kicin yadda ta saba."

Liman da ladan duk sun ji, amma ba su gaya mata ba.

Da safe ina tsakar gida ina gyara wa ƙaramar jikata takalmi. Hadda tana kicin tana murza gurasa. Sai na ji 'Yar Ingila daga kan tudu, ƙasa-ƙasa, bugu uku-uku, kamar ana daka a nesa. Na ajiye takalmin. Ta ƙofar kicin na ga hannuwan Hadda sun tsaya a cikin ƙullu. Ta ɗaga kai. Ta goge hannu a zane, ta ɗauko tukunyar gahawa ta ɗora a wuta, ba ta kalli tukunyar ba.

"Ga ɗana nan," ta ce.

Sannan ta zauna a ƙasa, a nan bakin murhu, ta yi kukan da ba ta yi ba tun watan Agustan bara. Matar Nuwari ta fito ta rungume ta. Ban shiga ba. Na tsaya ina sauraren injin yana gangarowa, ya shiga gona, muryarsa ta yi nauyi da garma ta kama ƙasa. Ya tafi har ƙarshen gona, ya juyo. Sai bugun ya fara hardewa. Sai shiru.

Gahawa ta tafasa. Hadda ta tashi ta zuba a kofi, ta rufe da faranti, ta miƙo mini.

"Kai masa. Ka ce ya zo ya ci gurasa a cikin gida, ba a bakin hanya ba."

Na sami Duwadi tsaye a gefen taraktar a tsakiyar gona. Huɗa ɗaya cikakkiya a bayansa, ta biyu ta tsaya a rabi. Farin hayaƙi bai gama washewa ba. Ya zaro sandar awon mai ya nuna mini: man ya koma fari-fari kamar an dama shi da nono. Tsagar ciki tana nan. Shi ya kashe ta da kansa.

"Ta ji?"

"Ta ji. Ga gahawarka."

Bai karɓa nan take ba. Ya ce in riƙe masa. Ya durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya laluba gindin lagireto ya buɗe famfon farko, ya matsa gefen inji ya buɗe na biyu. Ruwan ya fito da tururi yana bin huɗar. Injin ya riga ya mutu, babu abin da sanyi zai ƙara yi masa, Duwadi ya san haka kamar yadda na sani. Gahawar tana hucewa a hannuna, shi kuma yana durƙushe yana jira har ɗigon ƙarshe ya faɗi.